Kumburi, Ganye da Robar Jel: Me Muke Shafawa a Jikinmu?

   

Yau zancenmu a kan kumburi ne, da wani sabon kaya da ya fara cika teburan masu magani a Abijan, wato jel na ganye. A da, maganin gargajiya a ƙullin leda yake zuwa, ko a kwalba, ko a ɗaure da zare: sassaƙe ne, ko saiwa, ko gari, ko jiƙo. Kana ganinsa ka san abin da ka saya. Yanzu kuwa sai a miƙo maka roba mai murfi, an zana koren ganye a jikinta, an yi rubutu da Faransanci ko Turanci, ka matsa wani abu mai santsi da sanyi ya fito. Mai talla zai ce maka na ciwon gwiwa ne, na ciwon baya ne, na targaɗe ne, na sanyin ƙashi ne, kuma babu sinadarin Bature a ciki, ganye ne zalla.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne, robar nan tana samun yarda ta fuska biyu. Mai son na gargajiya ya ga hoton ganye ya saki jiki. Mai son na asibiti ya ga roba irin ta farmasi shi ma ya saki jiki. Ga shi kuwa hoton ganye da kyan roba, babu wanda ya isa shaida a cikinsu. Ni ina cikin masu ganin cewa tsirranmu suna da ƙarfi na gaske, kuma zan kawo muku dalilai. Amma saboda ina ganin darajarsu ne nake son mu san inda ƙarfin ya tsaya.

Mu fara da kumburin kansa. Idan ka yi targaɗe a kan tsanin kasuwar Adjamé, ko ƙaya ta soke ka, ko kudan zuma ya harbe ka, wurin zai yi ja, ya ɗauki zafi, ya tashi, ya yi ciwo. Waɗannan alamu huɗu wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa su kusan shekara 2000 da suka wuce, kuma har gobe da su ake fara koya wa ɗaliban likita. Daga baya aka ƙara ta biyar, wato gaɓar ta kasa aikinta. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, naman da ya ji rauni yana sakin wasu sinadarai da ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini. Jini ya ƙaru a wurin, shi ne ja da ɗumin. Ruwa ya tsattsafo daga jijiya zuwa cikin nama, shi ne tashin. Fararen ƙwayoyin jini su taru su cinye datti da ƙwayoyin cuta. Ciwon kuma yana hana ka taka ƙafar kafin ta warke. Ke nan kumburi na kwana biyu ko uku aikin gyara ne da Allah Ya halitta a jiki. Matsala tana zuwa idan ya yi yawa, ko ya ƙi tafiya, kamar yadda yake yi a gwiwar dattijon da guringuntsinsa ya cinye, ko a kafaɗar mai dakon buhu shekara da shekaru.

Cikin sinadaran da ke hura wannan wuta akwai wani ayari da ake kira firostagilandin. A shekarar 1971 wani masani a Landan, John Vane, ya gano cewa asfirin tana aiki ne ta hanyar hana jiki ƙera su, kuma ya samu kyautar Nobel a 1982. To, ita asfirin daga ina ta samo asali? Daga sassaƙe. Mutanen Turai sun daɗe suna shan ɓawon wata bishiyar bakin rafi mai suna wilo don zazzaɓi da ciwon jiki. Masana suka ciro sinadarin da ke ciki, suka yi ta gyara shi, har kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa asfirin a 1897, ya fara sayar da ita a 1899. Duk wanda ya ce muku ganye ba ya rage kumburi, ku tuna masa da wannan. Amma ku lura da abin da ya shiga tsakanin ɓawon itace da ƙwayar farmasi: an san sinadarin, an san nawa ne a kowace ƙwaya, an san illarsa ga ciki.

Mu dawo gida. Man kaɗanya, wanda ake kawo mana daga wajen Korhogo da Ferkessédougou da Bouna, shi ne tsohon abin shafawarmu. Maɗori da shi yake murza targaɗe, unguwarzoma da shi take gasa jariri. A cikinsa akwai wani kaso da ba mai ba ne tsantsa, wasu sinadarai ne da ake kira tiritafin, kuma a 2010 masu bincike a Japan sun ware su, sun shafa a kunnen ɓeraye da aka sa wa kumburi, suka ga ya ragu. Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, yana da ɗan uwa a Indiya da aka yi ta gwada ƙaronsa a kan masu ciwon gwiwa, sai dai yawancin gwajin na haɗiya ne, ba na shafawa ba. Citta tana da nata sinadarin, kurkur yana da kurkumin, kanumfari yana da man da likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi, habbatus sauda ma an yi rubuce-rubuce masu yawa a kanta. Ga kuma ganyen da duk matar da ta haihu a Abijan ta san sunansa, jeka, wanda Bahaushe ke kira bambami. Shi ma an gwada ruwan ganyensa a kunnen ɓera, kumburi ya sauka.

Akwai biyu da nake son a ware su gefe, domin ana yawan ruɗa su da masu rage kumburi: barkono da na'a-na'a. Sinadarin yajin barkono, kafsaisin, yana taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Farko ya hura su, ka ji wurin kamar wuta, in aka ci gaba da shafawa kullum na wasu makonni sai jijiyoyin su gaji, su rage kai ƙara. Wani Ba'amurke, David Julius, shi ya gano ƙofar da yajin ke bi ya shiga jijiya, kuma wannan aiki ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Mantol na na'a-na'a kuwa sanyi yake sa fata ta ji, hankali ya bar kan ciwon. Duka biyun suna da amfani, amma kashe raɗaɗi daban, sauke kumburi daban. Mutum zai shafa man zafi ya ji daɗi, ya koma ɗaukar kaya, alhali gaɓar tana nan yadda take.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, muna tare a filin kiwon lafiya, muna magana a kan jel na ganye. Yanzu mu tambayi kanmu, mene ne shi jel ɗin?

Kusan dukkansa ruwa ne. Ana ɗaukar ɗan gari kaɗan na wani abu mai dogayen zare da ido ba ya gani, a zuba a ruwa, zaren su kumbura su sarƙe, su riƙe ruwan ya kasa gudu. Duk wadda ta taɓa tuƙa plakali ta ga irin wannan da idonta: ƙullun rogo ne tsararo, wuta na taɓa shi sai ya kama jikinsa ya yi sheƙi. A masana'anta abin da aka fi amfani da shi sunansa kabomar, kuma sau da yawa bai wuce kashi 1 cikin 100 na abin da ke robar ba. A cikin wannan ruwa da aka ɗaure ake narka abin da aka tatso daga ganye. Akan ƙara alkol don ya taimaka wajen narkewa da ratsa fata, a ƙara abin da zai hana ruɓewa, a daidaita tsaminsa ya zo kusa da na fatar mutum.

Don me ake wannan wahala, ga man kaɗanya a hannu? Wanda ya zauna a Abijan ya san amsa. Garin nan na bakin teku ne da lagun, iska cike take da laima. Abin da ka shafa a Maraɗi ko Katsina lokacin hunturu fata ta shanye, a nan sai ya kwanta a jiki ya haɗu da gumi, ya ɓata riga, wani ma ya fesa masa ƙuraje. Jel kuwa da ka shafa ruwansa ya tashi, wurin ya yi sanyi, babu maiƙo. Mai sayar da abincin garba da ya wuni a tsaye gaban kasko zai iya shafawa ya ci gaba da aikinsa. Wannan fa'ida ce ta gaske.

Fa'ida ta biyu ta fi girma. Mu a nan mun saba da haɗiyar ƙwayar ciwon jiki kamar gyaɗa: diklofenak da safe, ibufurofen da rana, wani ya haɗa biyun da shayi ba tare da ya ci komai ba. Waɗannan ƙwayoyi idan aka daɗe a kansu suna ƙwarzane ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna raunana ƙoda, suna tayar da hawan jini. Shi ya sa likitoci suka fi son dattijo mai ciwon gwiwa ko yatsu ya fara da na shafawa. Jel ɗin diklofenak na farmasi, abin da ke shiga jini daga gare shi bai wuce kusan kashi 6 cikin 100 na abin da ƙwaya za ta kai ba. Ashe tunanin zuba magani a jel tunani ne mai kyau.

Sai dai fata ba a yi ta don ta bar abu ya shiga ba. Saman fatarmu akwai wani siririn rufi na matattun ƙwayoyi da kitse ya liƙe, kaurinsa bai kai na gashin kai ba, amma shi ke hana ruwan wanka da dattin kwata shiga jikinmu. Abin da zai ratsa shi dole ya zama ƙanƙane, ya iya tafiya cikin mai, ya kuma iya tafiya cikin ruwa. Da yawa daga sinadaran ganye ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Ɗauki kurkumin: a kwalbar ɗakin gwaji yana nuna bajinta sosai, amma ba ya narkewa a ruwa, haske yana lalata shi, kuma yawancinsa a saman fata yake tsayawa ya rina ta rawaya. Don haka masu haɗa magani sukan narka shi a mai tukuna, su farfasa man ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana, sannan su zuba a jel. Wannan aiki ne na awo da na'ura. Wanda ya kwaɓa garin kurkur a jel ɗin gyaran gashi ya ɗura a roba bai yi wannan aikin ba.

Ko abin ya ratsa, akwai zancen zurfi. Gaɓar yatsa da gwiwa da idon sawu suna kusa da fata. Ƙugu da ƙashin baya suna can ƙarƙashin nama mai kauri. Duk jel ɗin da aka ce yana gyara ƙashin baya da ya goce, ku riƙe kuɗinku.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace nauyi: an gwada a jikin mutane? Ku lura, ɗazu ina ta cewa kunnen ɓera, kunnen ɓera. Ban da kunne, hanyar da aka saba tun 1962 ita ce a yi wa ɓera allurar wani sinadarin ciyawar teku a tafin ƙafa, ƙafar ta kumbura, a ba shi magani, a auna yadda ta sauka. Jami'o'inmu na Afirka ta Yamma sun yi irin wannan gwaji a kan tsirrai masu ɗimbin yawa, kuma aiki ne mai daraja, domin shi ne matakin farko. Amma kumburin sa'o'i kaɗan a ƙafar ɓera ba shi ne ciwon gwiwar Hajiya na shekara goma ba. Daga ɓera zuwa mutum akwai tafiya, kuma tsirrai ƙalilan ne suka yi ta.

Cikin waɗanda suka yi akwai wata fulawar duwatsun Turai mai suna anika. A 2007 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Suwizalan a kan mutum 204 masu ciwon gaɓoɓin yatsu. Rabi suka shafa jel ɗin anika, rabi suka shafa na ibufurofen, har mako uku, kuma sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan ɗaya. A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta duba magungunan ganye na shafawa don ciwon gaɓɓai. Ta ce da alama anika tana aiki kamar na farmasi, amma ba ta fi shi ƙarancin illa ba. Ta ce jel ɗin barkono a ƙarfin da aka gwada bai nuna wani amfani a fili ba. Ta kuma ce gwaje-gwajen kaɗan ne. Wannan shi ne gaskiyar inda ilimi ya tsaya a lokacin, kuma abin da ke ci mini rai shi ne babu kaɗanya a jerin, babu hano, babu bambami. Ba don an gwada su sun faɗi ba, sai don ba a kai su wannan matakin ba.

Bari in ba ku labarin tafashiya, don ku ga amfanin sake dubawa. A 2013 wasu masana na Faransa da Kamaru suka ba da sanarwar cewa sun samu tiramadol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru. Duniya ta ɗauka: ga bishiyar Afirka tana ƙera maganin da kamfani ke ƙerawa. Shekara ɗaya bayan haka, masana daga Dortmund ta Jamus tare da abokan aikinsu na Kamaru suka koma. Suka tarar da tiramadol ɗin a ƙasa da ruwan yankin, har da saiwar wasu itatuwa daban, suka kuma tarar babu shi a tafashiyar kudancin ƙasar. Ashe mutanen yankin ne ke ba shanun aiki tiramadol don su jure wahala, shanun su yi fitsari a gindin bishiya, saiwa ta sha. Idan manyan masana da na'urorinsu za su iya ruɗuwa haka har sai an sake aunawa, ina ga mu da muke dogara da kalmar mai talla a bakin tashar motocin gbaka?

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ba ni tsoro, wato algus. Akwai maganin asibiti da ke sauke kumburin fata cikin dare ɗaya, dangin kotizon. Mai ƙarfi ne, kuma a hannun likita alheri ne. Marasa tsoron Allah sukan zuba shi a man shafawa su rubuta ganye zalla. A 1999 likitoci a Landan suka auna mayukan ganye 11 da aka ba masu ciwon fata, suka samu irin wannan sinadari a 8. A 2003 aka sake irin wannan awo a Birmingham a kan mayukan da iyaye ke shafa wa yara, aka same shi a 20 cikin 24. Wannan a Ingila ke nan, inda ake sa ido. Mu kuwa muna zaune kusa da Roxy ta Adjamé, kasuwar maganin bakin titi da sunanta ya zaga Afirka ta Yamma, wadda hukuma ta sha kai wa samame. Kuma mun san aikin kotizon a fata, domin muna ganinsa a jikin 'yan uwanmu masu shafe-shafen canza launi: fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, ƙuraje da makero su samu wurin zama, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Saboda irin wannan ɓarna ne gwamnatin Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin masu kotizon da makuri a 2015. Saboda haka, idan jel na ganye ya kashe miki ƙaiƙayi da ja cikin kwana ɗaya, kina dainawa ya dawo da ƙarfi fiye da da, ko kika ga wurin ya fara haske, Hajiya ki ajiye shi, ki kai robar wa mai farmasi ya duba.

Akwai kuma ruɓewa. Na ce muku jel ruwa ne, kuma ruwa da zafi da laima su ne abincin ƙwayoyin cuta da fumfuna. Man kaɗanya zai yi watanni bai lalace ba saboda babu ruwa a cikinsa. Jel da aka haɗa a gida ba tare da abin kariya ba, a zafin Abijan, 'yan kwanaki ne. Haka ruwan cikin ganyen alobera, wanda da yawa ke shukawa a tukunya a tsakar gida. Yana sanyaya ƙaramar ƙuna da ƙaiƙayi, amma a yanka a yi amfani da shi nan take, a bar ruwan rawaya mai ɗaci da ke ƙarƙashin ɓawon ya tsiyaye tukuna, domin yana iya cin fata. Jel ɗin da ya canza wari, ko ya tsinke, ko ruwa ya rabu a samansa, ya tashi daga aiki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

'Yan uwa, ko da jel ɗin na kirki ne, ba kowane kumburi ake shafa wa abu ba. Wannan sashe ina roƙon a kira na ɗaki su zo su ji.

Idan ƙafa ta kumbura ta yi ja tana sheƙi, da zafi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, ƙwayar cuta ce ta shiga ƙarƙashin fata. Maganinta na asibiti ne, kuma kwana biyu na jinkiri na iya kai ta cikin jini. Idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi tauri, musamman ga mai jego, ko wanda ya sauko daga doguwar tafiyar mota daga Yamai ko Kano, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Kada a murza, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. Idan ƙafa biyu suka kumbura ka danna yatsa ya lotsa, a duba zuciya da ƙoda da hanta, mai ciki kuma a auna jininta a ranar. Mai ciwon suga da ya ga rauni ko kumburi a ƙafa, ko ba ya jin zafi, kada ya kwana bai ga likita ba. Yaro mai sikila da hannu ko ƙafa ya kumbura, asibiti. Wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a ɗauki hoto kafin a ja. Asibitin koyarwa na Treichville yana nan kusa da mu, ga kuma ƙananan asibitocin unguwa.

Akwai wani da ya kamata mazauna ƙasar nan su sani musamman, wato gyambon Buruli. Kwaddibuwa tana cikin ƙasashen da ya fi addaba, galibi a yankunan fadama da madatsun ruwa. Yakan fara da ɗan ƙullutu ko tauri ko kumburi marar ciwo, shi ya sa ake raina shi, a yi ta shafe-shafe har fata ta buɗe. In an kama shi da wuri, maganin haɗiya na mako takwas yana warkar da shi. Cibiyar Raoul Follereau da ke Adzopé ta daɗe tana kula da masu wannan ciwo. 'Yan uwanmu masu zuwa ƙauyuka fatauci ko aikin gona, kumburin da ba ya ciwo kada ya ba ku kwanciyar hankali.

Ga wanda ciwonsa na gajiyar tsoka ne, ko ƙaramin targaɗe, ko gwiwar da likita ya riga ya duba, to yana iya gwada jel na ganye. A duba robar: sunan tsiron, yawansa, sunan wanda ya haɗa da adireshinsa, ranar lalacewa, da lambar izinin hukuma. Robar da ta ce tana maganin basir da ciwon baya da rashin ƙarfi duka a lokaci ɗaya, a bar ta a teburin. A fara ɗiga kaɗan a cikin damtse, a jira kwana ɗaya a ga ko zai yi borin jini. Kada a sa a buɗaɗɗen rauni. Kada a shafa a ɗaure da leda ko a ɗora ruwan zafi a kai. Sabon targaɗe a kwana biyun farko sanyi yake so da hutu da ɗaga ƙafa, ba murza da man zafi ba. Mai barkono a ciki, a wanke hannu da sabulu sosai kafin alwala, don kada ya kai ido. Mai kafur ko mantol kada ya kusanci hancin jariri, kuma a ɓoye shi daga yara, domin kafur in yaro ya haɗiya yana sa jijjiga. Ɗanyar tafarnuwa da ake dakawa a ɗaure a gaɓa tana ƙona fata ƙuna ta gaske, na roƙe ku a daina. In an yi mako guda zuwa biyu babu sauƙi, a koma wurin likita.

Kalmata ta gaba ga iyayenmu masu maganin gargajiya ce, na Treichville da Adjamé da Abobo, waɗanda da yawansu suka gaji sana'ar daga kakanni a Gobir da Katsina da Damagaram. Baba, ilimin da ke kanku dukiya ce, kuma ƙasar nan ta buɗe masa ƙofa. Tun 2001 ma'aikatar lafiya take da shiri na musamman don bunƙasa maganin gargajiya, wanda ake kira PNPMT, kuma a watan Yulin 2015 aka yi dokar da ta tsara sana'ar. Akwai hukumar AIRP mai sa ido kan magunguna. A jami'ar Félix Houphouët-Boigny da ke Cocody akwai sashen haɗa magunguna, akwai kuma cibiyar tsirrai ta ƙasa, wadda marigayi Farfesa Laurent Aké Assi ya ba rayuwarsa. Shi da Farfesa Édouard Adjanohoun suka fitar da kundin tsirran magani na ƙasar nan a 1979, kuma abin da ke cikinsa daga bakin masu magani irinku aka ji shi. Kowace ranar 31 ga Agusta ana bikin maganin gargajiya na Afirka. Ku je a rubuta sunanku. Ku kai abin da kuke haɗawa a auna tsabtarsa da ƙarfinsa. Ku riƙa rubuta wane tsiro, daga wane daji, a wane wata aka ɗebo shi, domin ganyen damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma wanda aka shanya a rana ba daidai yake da na inuwa ba. 'Ya'yanku da suka yi boko su riƙe muku littafin. Na san akwai tsoron kada a sace sirri, kuma tsoron yana da tushe, don an sha yi wa Afirka haka. A nemi yarjejeniya a rubuce kafin a buɗe baki, a tafi a ƙungiyance, kada mutum ya je shi kaɗai.

Ku kuma ɗalibanmu da ke karatun haɗa magunguna da likitanci a Cocody, ko a Zariya da Sakkwato da Yamai, gwajin ɓera ya yi yawa a kan kanta. Muna jiran wanda zai ɗauki man kaɗanya da ƙaron hano, ya haɗa su a jel mai awo, ya nemi izini, ya gwada shi a gwiwar mutane gefe da gefe da na farmasi, ya faɗa mana sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Lokaci ya cim mana.  Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.